FATEN GERO DA GANYE: ABINCI MAI GINA JIKI KO BABU NAMA

Magidanta da yawa suna zaton tukunyar da babu nama a cikinta ba ta gina jiki. Wannan zato kuskure ne, kuma yakan sa a bar yara da gaya tsura ranar da kuɗin cefane ya gaza. Gero da wake da gyaɗa da ganye, idan aka haɗa su aka dafa yadda ya kamata, suna ba jiki mafi yawan abin da yake bukata.

Misali daga Jos

A Jos da kewayenta akwai abincin da ake kira gwate, wanda Hausawa suka sani da fate. Mutanen Filato sukan yi shi da acca ko tsakin masara, amma gero ma yana yinsa sarai. Ganye kuwa ba ya yanke wa garin, domin manoman rani suna ban ruwa daga tafkunan da haƙar kuza ta bari, suna kai amfanin kasuwar Farin Gada. Darajar irin wannan hatsi ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin gero da danginsa, har da acca da tamba.

Kayan haɗi na mutum shida

Tsakin gero, gwangwanin madara 3. Wake, gwangwani 1. Dakakkiyar gyaɗa, gwangwani 1. Alayyahu ɗauri 2, yakuwa ɗauri 1. Kabewa, gauta, tumatir, tattasai, albasa da daddawa gwargwadon hali. Manja ludayi 1, da gishiri mai aidin.

Yadda ake dafawa

1. A surfa gero sama-sama, a wanke, a rege tsakuwa, a shanya, sannan a ɓarza shi ya zama tsaki.
2. A jiƙa wake tun da dare. Da safe a zubar da ruwan, a dafa shi a sabon ruwa har ya yi laushi.
3. A zuba jajjagen tumatir da tattasai da albasa, da manja, daddawa, gishiri, kabewa da gauta. A ƙara ruwa kamar gwangwani 12, a bari ya tafasa.
4. A riƙa zuba tsakin a hankali ana juyawa da muciya don kada ya yi gudaji. A rage wuta, a ba shi kamar minti 25.
5. A zuba gyaɗa, ta yi minti 10.
6. A ƙarshe a sa alayyahu da yakuwa, a rufe na minti 5, a sauke.

Abubuwa huɗu da uwargida za ta kiyaye

Na farko, a guji kanwa. Jos tana bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, inda ruwa yake tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasashen kwari ba, shi ya sa wake yake jinkirin nuna. Maganin wannan shi ne jiƙo, domin kanwa tana lalata wasu sinadaran bitamin.

Na biyu, a wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka shi. Idan aka yanka sannan aka wanke, amfaninsa yana bin ruwa.

Na uku, kada a fid da wake don tsimi. Akwai sinadarin gina tsoka da ya yi ƙaranci a gero amma ya wadata a wake, saboda haka kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Na huɗu, gero da ganye suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Matsa lemon tsami a kan abincin yana taimaka wa jiki ya karɓe shi, shan shayi a kansa kuwa yana hanawa. Masu juna biyu da masu shayarwa su lura da wannan ƙwarai.

Yaron da ya wuce wata 6 za a iya dama masa faten ya yi laushi, ba tare da yaji ba, ana ci gaba da ba shi nono. A tsince duk gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, domin tana da guba mai cutar da hanta.

Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa maƙwabcinsa. Lafiya uwar jiki, kuma daga murhu take farawa.