Wa Zan Damƙa Wa Ajiyar Bayanan Kasuwancina?

Wani ɗan kasuwa daga Kano yana tambaya: yaya zai zaɓi kamfanin da zai dawo masa da bayanan kwamfutarsa idan iftila'i ya afka wa shagonsa?

To, Alhaji, duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ya san tambayarka tana kan hanya. Fara bincikar inda suke ajiye kwafin bayanan. Idan a garinku ne kaɗai, ambaliya ɗaya na iya cinye naka da nasu. Su rubuta a yarjejeniya awa nawa za a ɗauka kafin aiki ya dawo.

Kafin ka biya ko kwabo, sa su dawo da lissafin bashin jiya a wata kwamfutar, kana kallo. Wanda ya fara kame-kame, rabu da shi.