Ajiye Kayan Sassaƙa da na Murza Itace a Gida

Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu, za a tura mu koyar da aikin hannu a makarantun da ba su da ɗakin ajiya, watau kayan aikin a gidan malami za su riƙa kwana. Saboda haka ya kamata mu san yadda a ke adana su, gama kurfi ɗaya mai kyau ya kan ci kuɗin da ba kowane wata malami zai iya fitarwa ba.

Mu ɗauki misalin mai ɗan zaure a unguwar Yindiski a Potiskum. Abokan gābansa uku ne: damina, hunturu, da gara.

Daga watan Yuni zuwa Satumba iska ta kan yi laima, ƙarfe kuwa in ya kwana a ƙasa sai tsatsa. Maganinta a goge kowane makami bayan aiki, a shafa masa ɗan mai. Man keken ɗinki ya fi. Man gyaɗa ya kan yi danƙo in ya daɗe, baƙin man mota kuwa kada ya kusanci abin da a ke rarake akushi ko turmi da shi, don abinci za a zuba a ciki. Nan man kaɗe ya dace. Kada a bar makami cikin garin katako, domin garin ya kan sha laima ya riƙe ta.

Da hunturu abin ya kan juya. Iska ta bushe, ƙota ta tsuke, sai ka ga gatari ko gizago yana girgiɗi. Wasu su kan jiƙa shi cikin ruwa ya kwana. Wannan dabarar yini ɗaya ce, da ƙotar ta sāke bushewa sai ta fi dā sako-sako, ga kuma tsatsa. Gara a sāke ɗaure shi sosai, ko a yi masa sabuwar ƙota ta busasshen marke. Ita kuwa gara, ba ta raga wa akwatin da ya taɓa ƙasa, sai a ɗora shi a kan duwatsu ko bulo, a ja shi nesa da bango kaɗan.

To, sai tsari. A sami faffaɗan katako a kafa a bango, a buga ƙusoshi, a rataye zarto da guduma da magagari. Sa'an nan a zana siffar kowanne da fenti a bayansa. Da magariba kallo ɗaya ya isa ka san wanda bai komo ba, ko wanda maƙwabci ya ara ya manta. Masu kaifi kuwa, a huda musu ramuka a jere a jikin wani katako, kowa da nasa, don in an tara su cikin gwangwani ɗaya baki yana bugun baki, sai a yini a kan dutsen wāshi. Magagari ma in ya gogi ɗan'uwansa haƙoransa su kan mutu.

Wanda ya ke da injin murza itace, irin wanda a ke yin ƙafafun tebur da shi, sai ya ƙara lura da abu guda. Kada ya rataye makamansa a bangon da ke bayan injin. In ya yi haka, kullum sai ya miƙa hannu ta bisa itace mai juyawa, hannun babbar riga kuwa ba ya jin gargaɗi. Wurinsu gefen hannun da ya ke aiki da shi, kusa da dutsen wāshi, gama waɗannan makamai su kan dakushe da sauri. In ana wāsa su da dutse mai juyawa, a riƙa tsoma su a ruwa. In bakin ƙarfe na gargajiya ya yi shuɗi, ya ƙone ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye wurin.

Har wa yau, zaure hanyar yara ce. Allon nan na bango a kafa shi inda hannun yaro ba ya kai, masu kaifi kuwa a sa musu murfi da kwaɗo. Tsummokaran da suka sha man goge katako kada a dunƙule su a lungu, don irinsu su kan yi zafi har su kama wuta da kansu. A shanya su a waje su bushe, sa'an nan a zubar.