Sanarwar da kurma bai ji ba

Aikina kula da jin daɗin jama'a ne a yankin Jibia, kuma Farfaru na cikin wuraren da nake yawan shiga. Tun bayan ambaliyar watan Yulin 2018, ga kuma mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, rabon tallafi ya zama ruwan dare a nan. Na lura da waɗanda kullum ake gamawa ba su samu ba.

Labarin rabo, na taki ne ko na hatsi, ko zuwan masu rajistar katin ɗan ƙasa, ta lasifikar masallaci da bakin mai shela yake zagawa. Kurma ba ya ciki. Sai ya ga mutane na dawowa da buhuna a ka kafin ya san an yi wani abu. Makaho ya ji, amma ɗan jagoransa ya tafi gona. Gurgu kuwa ya iso a kan kekensa, ya tarar da matakala a ƙofa da turmutsutsu a gabanta. Mata masu lalura sun fi kowa shan wahala, domin da yawansu ba sa ko fitowa, ba a kuma rubuta sunayensu ba tun farko.

Mutane da dama ba su san akwai doka a kan wannan ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Ta ce a fara da su duk inda ake layi. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara 5 su gyara hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika a 2024. Ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Saboda haka mai kula da layi da ya shigo da makaho gaba ba alfarma ya yi masa ba, hakkinsa ya ba shi.

Gangaren siminti domin keken guragu na son kuɗi, na yarda. Amma sauran gyare-gyaren ba sa cin ko sisi. Muna da sarkin makafi da sarkin guragu tun kaka da kakanni, sun san mutanensu gida-gida, sun fi kowace takarda da ke ofis. A aika musu kwana biyu kafin rabo. Kurame na da maganar hannu, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka yi makarantar kurame ta Malumfashi, suna karatu da rubutu. Saƙon waya ɗaya ga ɗayansu ya isa ya kai wa saura.

Ranar rabon, a fito da teburin rajista ƙasa, ƙarƙashin inuwa. Wanda ba ya iya barin ɗaki, mai unguwa ya raka ma'aikaci har gidansa, a danƙa masa kasonsa hannu da hannu a gaban shaidu, kada a ba wani ya kai masa.