Gishirin da ke Kashe Gonar Rani

'Yan'uwa ɗalibai, wanda ya taɓa bin mahaifinsa lambu a lokacin bazara wataƙila ya ga wani farin abu kamar kanwa ya kwanta a saman kunya. Wannan gishiri ne, kuma alama ce cewa gonar ta fara ciwo.

Daga ina yake zuwa? Kowane ruwa, na rijiya ko na kogi, yana ɗauke da ɗan gishiri a narke. Idan aka yi ban-ruwa, rana ta busar da ruwan, gishirin ba ya tashi sama, a ƙasa yake zama. Idan kuma ana malala ruwa fiye da kima babu magudanar da zai fita, ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ya yi ta haurowa, ya ɗauko gishirin da ke can ƙasa ya kawo shi wurin saiwa.

Me ya sa yake kashe shuka? Ku yanka tumatir ku barbaɗa masa gishiri, za ku ga ruwa yana fitowa. Haka ƙasa mai gishiri take yi wa saiwa: tana hana ta shan ruwa. Shi ya sa za ka ga ƙasa a jiƙe amma shuka ta yi yaushi, gefen ganyenta ya ƙone. Wake da albasa da karas su ne ke saurin galabaita, sha'ir da auduga da dabino kuwa suna da juriya.

Matsalar tsohuwa ce. Masana tarihi da yawa suna ganin cewa sama da shekara 4,000 da suka wuce, manoman kudancin Iraƙi, tsakanin kogin Dijla da Furat, sun rage noman alkama sun koma sha'ir saboda gishiri ya cinye gonakinsu na ban-ruwa.

Maganinta shi ne a haƙa magudana, a wanke gonar da ruwa mai daɗi ya tafi da gishirin, a daina ban-ruwa fiye da buƙata, a rufe ƙasa da ciyawa, a kuma zuba takin gargajiya.

Aikin wannan mako: ku zuba ruwan rijiyarku a baƙin faranti, ku ajiye a rana har ya bushe. Abin da kuka gani, ku kawo wa malamin aikin gona a aji.