ƘARAMIN BABUR: MAI, ISKA DA WUTA

Daga Malamin Fasaha

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a ƙofar majami'a ranar Lahadi da safe, ko kuwa ya leƙa gindin mangwaron da ke bayan ofishin malamai, zai yarda da ni cewa ƙaramin babur shi ne jakin malami da mai bishara da ma'aikaciyar jinya. Shi ke kai mu wurin aiki, shi ke ɗauko buhun masara daga gona, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin lissafi a gidajenmu.

Sau da yawa ɗalibai sukan tambaye ni a aji, "Malam, me za a yi wa babur ya ƙara gudu?" Amsar da nake ba su ita ce zan faɗaɗa a nan. Yawancin baburan da suka rasa ƙarfi, ƙarfinsu yana nan, wani abu ne ya tare shi. Aikin mai gyara shi ne ya nemo abin da ya tare, ɗaya bayan ɗaya, ya kawar.

Iri biyu da muka saba da su

Na farko shi ne Vespa, wadda iyayenmu malamai suka hau. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙera ta a 1946, ma'anar sunan kuwa a harshensu zanzaro. Tsofaffin da ke hannunmu injinsu mai bugu biyu ne: fiston ya hau ya sauka sau ɗaya, wuta ta tashi sau ɗaya. Man da ke sa fiston santsi a cikin fetur ake gauraya shi, su ƙone tare.

Na biyu shi ne wanda muke kira roba-roba. Asalinsa Honda Super Cub ne da aka fito da shi a Japan a 1958, kuma a 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Yawancin namu kamfanonin Sin ne suka yi su a kan wannan tsari. Injinsa mai bugu huɗu ne: shaƙa, matsawa, ƙonewa, fitar da hayaƙi. Baƙin mansa yana kwance a gindin inji, ba a zuba shi cikin fetur.

Ko wanne ne, abu uku yake bukata: mai, iska da wuta, kowanne daidai gwargwado, a kuma matse su sosai a cikin silinda.

Abin da ya same ni

A watan Disamba na 2016 na kai roba-robata wurin wani makanike a cikin gari, domin ta fara nauyi a kan tudu. Ya ce, "Malam, numfashi ne ba ta samu." Ya cire soson da ke tace iska ya jefar, ya kuma huda salansa. Na hau, ƙara ta cika titi, ni kuwa na ɗauka ƙarfi ne. Na biya shi har da godiya.

Haka na yi ta yawo cikin ƙurar hunturu wata uku. Ta fara hayaƙi, baƙin mai yana raguwa, na ƙi kula. Wani dare a watan Maris, ina kan aikin duba ɗakunan kwana, zazzaɓi ya tayar wa wani yaro ɗan aji ɗaya har yana sanƙarewa. Motar makaranta ba ta nan. Na ɗora shi a baya, shugaban ɗalibai yana riƙe da shi, muka kama hanyar asibiti. Ba mu yi rabin tafiya ba babur ya mutu a kan hawa. Na buga kik har ƙafata ta gaji, kik ɗin kuwa sakwaf, babu nauyi ko kaɗan. Muka tsaya cikin duhu muna addu'a, sai Ubangiji ya kawo wata motar ɗaukar tumatir ta kwashe mu. Yaron ya warke, godiya ga Allah. Amma na san sakacina ya kusa jawo abin da ba zan manta ba har abada. Gyaran kuma, wato rarake silinda da sabon fiston da ringi, ya cinye fiye da rabin albashina. Kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Iska

Domin fetur ya ƙone sarai, kashi 1 nasa yana bukatar iska kashi 14.7 a ma'aunin nauyi. Wato lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Ku duba yawan ƙurar da ke cikin iska mai yawa haka a lokacin hazo. Ƙura kuwa garin yashi ce. In ta shiga silinda ta haɗu da mai, sai ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita, ta cinye ringi. Abin da ya kashe injina ke nan.

Maganin soso mai datti shi ne wanki. A ciro shi, a wanke da kalanzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya a inuwa. Sa'an nan a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, a matse rarar, a mayar. Idan matatar ta takarda ce, ba a wanke ta: a kakkaɓe, in ta toshe a canja. Da hunturu a duba kowane mako biyu.

Mu da ke kan tudun Filato muna da ƙarin darasi. Jos tana bisa teku da kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Inji yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Saboda haka babur ɗin da aka saita a Legas zai ɗan yi nauyi a nan, mai ya yi masa yawa. Wannan ba ciwo ba ne, saiti yake so.

Mai

Kafin a kwance komi, a leƙa tanki, a kuma duba famfon mai ko a buɗe yake. Na taɓa ganin an tura babur har gareji, ashe famfo ne a rufe.

Idan babur ya yi tafiya kaɗan ya mutu, aka buɗe murfin tanki ya sake tashi, to ƙaramar ƙofar iskar da ke jikin murfin ce ta toshe. Idan yana tari bayan an sha man kwalba a bakin hanya, mai yiwuwa akwai ruwa ko datti. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin kafireta. A sassauta sukurun da ke ƙasanta, a tsiyaye a cikin kwalba mai haske, za a ga ruwan ya ware. In dole ta sa aka sayi man bumburutu, a tace da tsumma mai tsabta.

Jet, wato 'yar ƙofar da mai ke bi a cikin kafireta, da iska ake hure ta. Kada a tsokane ta da allura ko waya, gama ƙofar za ta faɗaɗa, babur ya koma shan mai.

Masu Vespa su kula da awo. Yawancin waɗanda muke da su kashi 2 cikin 100 suke so, wato mililita 20 na man bugu biyu a lita ɗaya ta fetur, ko mililita 100 a lita 5. In ya gaza, fiston zai kama. In ya yi yawa, filogi zai jiƙe, salansa ta toshe da baƙi. Waɗansu suna da tankin wannan mai dabam, su ba a gauraya masu.

Wuta

A kwance filogi, a mayar masa da hularsa, a jingina zarensa da ƙarfen inji nesa da inda fetur ya zube, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi shi ne lafiya. In ja ne mai rauni, ko babu sam, a gwada sabon filogi kafin a zargi kwayil. Tazarar bakin filogi kimanin milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Filogi kuma shi ne mai ba da shaida a kan abin da ke faruwa a ciki. Ga yadda ake karanta bakinsa:

1. Ruwan ƙasa, kamar ƙuli-ƙuli: saiti ya yi daidai.
2. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya: mai ya yi yawa. A duba soso, a duba ko an bar cok a ja.
3. Baƙi mai maiƙo: inji yana ƙona baƙin mai. A roba-roba, alamar ringi ce ta cinye.
4. Fari fat kamar toka: mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima. Wannan ya fi sauran haɗari, gama yana iya huda fiston.

Saitin kafireta

Sai an tabbata soso yana da tsabta, mai yana zuwa, wuta tana da kyau, kafin a taɓa kafireta. Wanda ya fara da ita ya fara gini daga jinka.

A jikinta akwai sukuru biyu: na silo, wanda ke riƙe inji yana aiki in an saki totur, da na gauraya mai da iska. A bi wannan tsari:

1. A hau babur minti goma ya yi ɗumi, a kafe shi a fili.
2. A ɗaure sukurun gauraya a hankali har ya tsaya. Kada a matsa da ƙarfi, bakinsa zai lalace.
3. A warware shi zagaye ɗaya da rabi, a ta da inji.
4. A riƙa juya shi rubu'in zagaye, ana dakatawa ana sauraro, har a sami inda ƙarar inji ta fi tashi ta kuma daidaita.
5. A sauke silo da ɗaya sukurun, har inji ya riƙa bugawa a natse ba tare da ya mutu ba.
6. A yi tafiyar kilomita kaɗan, a bari ya huce, a sake karanta filogi.

Doka ɗaya ce a nan: a canja abu ɗaya, a gwada, a rubuta. Wanda ya juya abu uku lokaci guda, ko babur ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba.

Matsi

Idan mai da iska da wuta duk suna nan amma kik ya yi sakwaf, matsi ne ya zube. A cire filogi, a toshe ramin da babban yatsa, wani ya taka kik. Inji mai lafiya zai ture yatsan. A roba-roba, sau da yawa bawul ne ya matse. Tazararsa kimanin milimita 0.05 ce, inji yana sanyi, kuma da ma'auni ake saita ta. Wannan aikin makanike ne mai kayan awo. A Vespa kuwa a kankare baƙin da ya taru a mafitar hayaƙi.

Ɓarayin ƙarfi na waje

Wani lokaci inji lafiyarsa lau, jikin babur ne ke riƙe shi. Taya mara iska tana shan mai tana kuma hana gudu. Birkin da ke kamawa haka: a kafe babur a juya ƙafa da hannu, ya kamata ta yi ta juyawa. Sarƙar roba-roba ta sami mai, ta kuma yi wasa kamar faɗin yatsa ɗaya zuwa biyu. Baƙin mai a canja shi a kan kari, musamman a hanyoyinmu masu ƙura. Vespa ba ta da sarƙa, amma fanka ce ke sanyaya ta, saboda haka kada a cire murfin da ya rufe silinda da sunan a sha iska. Murfin ne ke bi da iskar inda ake bukata. Ƙaramin babur kuma ba akori-kura ba ne. Buhu biyu da fasinja sun fi ƙarfinsa.

Gargaɗi

Kada a ta da inji a cikin ɗaki a rufe. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari mai kisa cikin barci. Kada a yi aikin fetur kusa da fitila ko murhu. Hular kwano kuma wajibi ce. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairu 2009. Ɗalibai, wannan darasi na gyara ne, bai ba kowa izinin sace mabuɗin babansa a lokacin hutu ba.

Kammalawa

A Matiyu sura 25 Ubangijinmu ya ba da misalin 'yan mata goma, biyar daga cikinsu suka rasa mai a daidai sa'ar da ake bukatar fitila. Maganar shirin ruhaniya ce, amma tun daren nan na watan Maris ban sake karanta ta ban tuna da hawan da na tsaya a kai ba. Babur amana ne a hannunmu, ba mu kuwa san daren da ran wani zai rataya a kansa ba. Minti goma sha biyar ranar Asabar sun isa a duba soso, filogi, baƙin mai, taya da birki. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin nazari

1. Faɗi bambanci biyu tsakanin inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu.
2. Mililita nawa na man bugu biyu za a zuba a lita 7 ta fetur, a awon kashi 2 cikin 100?
3. Babur ya mutu bayan kilomita 2, an buɗe murfin tanki ya tashi. Mene ne ciwonsa?
4. Don me bai kamata a fara gyara da juya sukurun kafireta ba?