Gobara a Asibiti

Gobara ko ina ta tashi masifa ce, amma ta asibiti ta fi kowace muni. In wuta ta kama a kasuwa ko a makaranta, mai ƙafa ya gudu. To, wanda aka yi wa aiki jiya fa, ko jaririn da ke cikin kwalba, ina za shi? Don haka ya kamata mu da ke shirin zama malamai mu san abin da ke haddasa ta, gama yaran da za mu koyar su ne nas-nas da masu gyaran wuta na gobe.

Wuta kamar tukunya ce bisa murhu, duwatsu uku ke riƙe da ita: abin da za ta ci, da zafi, da iskar oksijin. In ka janye ɗaya sai ta mutu. Abin da za ta ci ba ya wuya a asibiti, ga katifu, ga auduga, ga labule. Oksijin kuwa, a iskar da muke shaƙa kashi 21 ne kawai cikin 100, amma wanda ke cikin tukwanen ƙarfen nan da ake sa wa mai numfashi da kyar kusan zallarsa ne. Shi kansa ba ya ci, sai dai ya sa kome ya ci da gaggawa, har bargon da a da sai ya daɗe yana hayaƙi ya kama nan take. Watau duwatsu biyu suna nan a girke dare da rana, saura na uku, zafi. Galibi wayar lantarki ke kawo shi.

Ku duba abin da ya auku a Bagadaza cikin Afrilu 2021, a asibitin Ibn al-Khatib: tukunyar oksijin ta fashe a ɗakin masu korona, mutum 82 suka rasu. A Tibawan ta ƙasar Sanigal kuma, cikin Mayu 2022, wayoyi suka haɗu a ɗakin jarirai, jarirai 11 suka ƙone. Allah ya ji ƙansu.

Yanzu ga ɗan lissafi, wanda kowane malami zai iya yi da 'yan aji shida. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Fulogin nan mai ƙafa uku, fis ɗin da ke cikinsa iyakarsa amfiya 13. In ka riɓa 230 sau 13 sai ka sami wat 2,990. Ke nan iyakar kayan da soket ɗaya zai ɗauka. To, sai a kawo butar lantarki mai cin wat 2,000, a haɗa ta da hita mai cin 1,500 a waya guda. Kaya ya fi ƙarfin jaki. Fis ya tsinke, kuma daidai ya yi, aikinsa ke nan, ya mutu don gida ya tsira. Amma sai wani gwani ya zo ya murɗa zaren waya mai kauri a madadinsa, a yi ta yi masa godiya. Daga ran nan waya ce za ta yi ta zafi cikin silin, inda ba mai ganinta, har robar jikinta ta narke. Ni a ganina wannan gwani ya fi ɓarawo ɓarna.

A nan Suleja, ko da yake jiharmu ce ke da Kainji da Shiroro, wuta takan ɗauke, sai a koma ga janareta. Ba mu mance da 18 ga Janairu 2025 ba, ran da tankar fetur ta kama a mararrabar Dikko, aka yi asarar rayuka fiye da 80, aka cika asibitocinmu da ƙonannu. An ba da labari janareta ne aka tayar don a juye man. Saboda haka ɗakin janareta da na mai su yi nesa da ɗakin majiyyata da ma'ajiyar oksijin, kada kuma a zuba mai inji yana aiki.

Akwai masu duba waɗannan abubuwa. Hukumar NEMSA, wadda aka yi wa doka a 2015, ita ke duban haɗin wutar lantarki, 'yan kwana-kwana kuma su duba tukwanen kashe gobara da ƙofofin fita. Amma mai duba sau nawa zai zo a shekara? Ƙofar baya da aka garƙame da kwaɗo don tsoron ɓarayi, mabuɗi kuma yana aljihun wanda ya tafi gida, ba ƙofa ba ce. Haka baranda da aka cika da karyayyun gadaje.

In wuta ta tashi daga waya, kada a watsa ruwa, ruwa yakan kawo lantarki zuwa ga mai watsawa. A fara kashe babban makunni, a rufe oksijin na wannan ɗaki in likita ya ce ba wanda ransa ke rataye da shi, sa'an nan a yi aiki da tukunyar hoda ko yashi. A fitar da majiyyata, a ja ƙofa a rufe don hayaƙi, gama shi ya fi harshen wuta kisa. Wanda ba ya iya tafiya a kwantar da shi bisa bargo, mutum biyu su ja shi ƙasa-ƙasa, inda iska ta fi tsabta.