Bindigar halbi ta hannu mai karkataccen bututu

Ƴan uwa mahalba, sabuwar bindiga tana da tsada. Saboda haka yawancinmu ta hannu muke saye, wadda ta yi shekaru wurin wani. Araha ba ta ado. Sau da yawa sai mutum ya biya kuɗi, ya shiga daji, sannan ya gane bindigarsa tana kai halbi gefe. Darasinmu na yau shi ne: yaya za mu gane inda laifin yake, wane ne muke iya gyarawa, wane ne ya fi ƙarfinmu.

1. Karkata kaɗan, kuskure babba

Muna magana kan karabin, watau bindiga mai fitar da ƙwaya ɗaya. A bisa bututunta akwai abin saiti biyu: ɗaya kusa da ido, ɗaya kusa da baki. Mu ce tsakaninsu santimita 50 ne. In na baki ya goce da milimita 1 kawai, kamar kaurin farce, to a nisan mita 50 ƙwaya za ta kauce da santimita 10. A nisan mita 100 za ta kauce da santimita 20.

Wani mahalbi yakan ce: "Na san halinta, hagu take ci, sai in ɗan auna dama." Wannan dabara ba ta da tabbas, don kuskuren yana ƙaruwa da nisa. Nama ya tafi da rauni ya mutu a banza, harsashi ya tafi a banza. Abin da ya fi muni, daji ba namu ne mu kaɗai ba. Akwai makiyaya, akwai mata masu itace, akwai yara masu kiwo. Ƙwayar ƙaramar karabin mai lamba 22 tana iya wuce kilomita 1 da rabi.

2. Abubuwa huɗu da ke kawo wannan

Na ɗaya, abin saiti ya goce don ya bugu da wani abu.

Na biyu, ƙota. Itace yana kumbura da damina, yana ƙanƙancewa lokacin ɗari. Ƙusoshin da suka ɗaure ƙarfe da ƙota sai su saki, ko ƙotar ta murɗe ta riƙa danna bututu ta gefe ɗaya.

Na uku, bututun da kansa ya lanƙwashe. Bindiga ta faɗo daga raƙumi, ko amalanke ya taka ta, ko an yi sanda da ita. Wani lokaci kuma an taɓa cire bututun, aka mai da shi a karkace.

Na huɗu, kumburi. Ƙasa ta toshe baki, ko zanzaro ya yi gida a ciki lokacin da bindiga take rataye a ɗaki, aka yi halbi ba a duba ba. Ƙarfen ya buɗe daga ciki. Wannan shi ne mafi haɗari.

3. Dubawa da ido da hannu

Kafin komai, buɗe bindiga ka fitar da harsashi. Ko mai ita ya rantse babu komai a ciki, duba da idonka. Bakinta kada ya kalli mutum.

Goge cikin bututu da tsumma. Shafa shi da yatsu daga gindi har baki. In ka ji tudu, kumburi ne. Duba tsaga, duba tsatsa mai zurfi, duba leɓen bakin ko ya ɓantare.

Riƙe ƙota da hannu ɗaya, bututu da ɗayan, ka girgiza. Bai kamata ka ji motsi ba.

Yanzu shiga ɗaki ka fuskanci ƙofa, inda haske yake. Ɗaura zare a miƙe tsakiyar ƙofar. Leƙa cikin bututu daga gindi, ka ɗan kautar da shi har inuwar zaren ta kwanta a ciki. In bututu lafiya yake, inuwar tana tafiya sak. In ta karye ko ta yi gwiwa, wurin nan ne ya lanƙwashe. Juya bindigar kaɗan kaɗan, ka sake dubawa ta kowane gefe.

4. Gwajin halbi uku

Wannan gwaji na bindigar da ba ta da kumburi ko tsaga ne kawai. Nemi wuri nesa da gari, da tudun rairayi a baya wanda zai tare ƙwaya. Kafa kwali, ka yi ɗigo da gawayi a tsakiya. Auna mita 25. Ɗora bindiga bisa buhun rairayi don kada hannu ya yi rawa. Yi halbi uku, duk a kan ɗigon, da harsashi iri ɗaya.

In hudojin uku sun taru kusa da ɗigo, bindiga lafiya lau. Laifin na hannunka ne, sai ka ƙara koyo.

In sun taru wuri ɗaya amma a gefe, saiti ne ya goce, ko bututu ya karkace.

In sun watse, ɗaya nan ɗaya can, ƙusoshi sun saki, ko cikin bututu ya cinye, ko leɓen bakin ya lalace.

5. Gyaran da muke iyawa

Ɗaure ƙusoshin ƙota da kyau, ka sake gwaji. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa.

In saiti ne, riƙe wannan ƙa'ida: abin saitin da ke kusa da ido ana tura shi wajen da kake so ƙwaya ta koma. Tana cin hagu, tura shi dama. Kaɗan kaɗan, kana gwadawa. In ka tura shi har ƙarshe amma ƙwaya ba ta dawo tsakiya ba, to ba saiti ba ne, bututu ne. Tsaya nan.

6. Gyaran da ya fi ƙarfinmu

Maƙeranmu gwanaye ne wajen hauya da garma da gatari. Amma bututun bindiga ba hauya ba ne. In aka sa shi a wuta, ƙarfen yakan rasa taurin da aka ba shi a masana'anta, liƙin abin saiti kuma ya narke. In aka daka shi da guduma, ramin ciki yakan matse. Daga waje za ka gan shi a miƙe, amma ranar da zai fashe, a hannunka ne, kusa da idonka.

Mai gyaran bindiga na gaskiya, wanda hukuma ta sani, da naura yake matsa bututu a hankali, babu wuta. Ƙaramar lanƙwasa kawai yake gyarawa. Bututu mai kumburi ko tsaga ba shi da magani sai canji. In kuɗin canji ya kai na wata bindiga, ka haƙura da ita. Kada ka sayar wa wani da laifinta a ɓoye, jininsa yana wuyanka. Je wurin jandarma su gaya maka yadda za ka rabu da ita.

7. Kafin ka biya kuɗi

Duk wannan dubawa, a gaban mai sayarwa ya kamata a yi ta. In ya ƙi, bar masa kayansa. Duba lambar da ke jikin ƙarfe, ta zama daidai da ta takarda. Lamba gogaggiya rigima ce. Ka tuna, riƙe bindiga sai da izinin hukuma. Halbi kuma yana ƙarƙashin dokar ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a ƙasarmu Nijar. Ma'aikatan gandun daji za su gaya maka takardar da ake nema, da lokacin halbi, da dabbobin da aka hana taɓawa, kamar raƙumin dawa.

A gida, ajiye bindiga ba harsashi a ciki, inda yara ba su kaiwa. Kafin ka fita daji, leƙa bututu kullum.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya

Me ya sa ba a miƙe bututun bindiga da wuta?

Hudoji uku sun watse bisa kwali. Me za ka fara dubawa?

Lissafi: bindiga ta kauce da santimita 6 a mita 25. Da nawa za ta kauce a mita 100?